Yadda Ake Neman Kunamar Ƙarya ta Kogon Tooth da Yadda Ake Tsare Mata Mazauninta

A arewa maso yammacin birnin Ostin na jihar Teksas ta Amurka, cikin gundumar Travis, akwai wani tudu da ake kira Jollyville. Dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina da Ashaka a yi siminti da shi, kuma ruwan sama ya daɗe yana narkar da cikinsa har ƙarƙashin ya zama ramuka da kogwanni. A ƙalilan daga cikinsu, irin su kogon Tooth da kogon Amber, ake samun kunamar ƙarya mai suna Tartarocreagris texana. Duk faɗin duniya babu ita sai a nan. Tsawonta kamar milimita 4 ne, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ba ta da ido, jikinta ya koɗe, tana da ƙafa takwas da dogayen hannuwa biyu masu matsewa irin na kunama, amma ba ta da wutsiya balle ƙari. Masani William Muchmore ne ya fara bayyana ta a 1969, sannan a watan Satumba na 1988 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, tare da wasu ƙwari huɗu na kogwannin yankin.

Wannan bayani na ɗalibin ilimin halittu ne, da ma'aikacin gandun daji, da duk mai son sanin yadda ake wannan aiki. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun yanzu shi ne, rayuwar wannan halitta a ƙarƙashin ƙasa take, amma abincinta da ruwanta duk daga sama suke zuwa. Saboda haka rabin aikin a waje ake yin sa.

Mataki na 1: Ka horar da idonka tun kana gida

Kada kogo ya zama wurin da za ka fara ganin kunamar ƙarya. Jinsinta ya haura 3,000 a duniya, kuma mafi yawansu a sarari suke zaune: ƙarƙashin ɓawon itace, cikin ruɓaɓɓen ganye, ƙarƙashin duwatsu, cikin sheƙar tsuntsaye. Akwai wadda ake samu cikin tsofaffin littattafai tana farautar ƙwarin da ke cin takarda, kuma a Afirka akwai dangin Ellingsenius da ke zama cikin amyar ƙudan zuma. Wato ko a Zariya kake ko a Maraɗi, kana iya yin atisaye.

Ɗebo ruɓaɓɓen ganye mai danshi daga gindin itace, ka tankaɗe shi da rariya mai faɗin ido a kan farin faranti. Sai ka zauna ka jira. Nan ne yawancin mutane ke gazawa, domin kunamar ƙarya in ta ji motsi sai ta naɗe hannuwanta da ƙafafunta ta yi lamo, ka ɗauka ɓurɓushin ƙasa ce. Bayan minti biyu ko uku za ta miƙe hannuwa gaba ta fara tafiya a hankali. Taɓa gabanta da bakin buroshi mai laushi, za ka ga ta ja da baya a guje. Wannan gudu da baya alama ce da in ka gan ta sau ɗaya ba za ka manta ba.

Kada ka ji tsoronta. Tana da dafi a yatsun hannuwanta, amma na kashe ƙananan ƙwari ne, ba ta iya huda fatar mutum.

Mataki na 2: Izini da abokan tafiya

Wannan gajere ne amma babu sassauci a cikinsa. Ba a taɓa wannan halitta, ba a kama ta, sai da takardar izini daga hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka. Da yawa daga kogwannin yankin suna cikin gandun Balcones Canyonlands, wanda birnin Ostin da gundumar Travis suka kafa tsarinsa a 1996, kuma a kulle suke. Hanyar da ta dace ga baƙo ita ce ya bi ayarin masanan da ke da izini, ya riƙe musu littafi, ya koya.

Kada mutum ya shiga shi kaɗai. A kasance aƙalla mutum uku, kuma a bar wa wani a waje sunan kogon da lokacin da ake sa ran fitowa.

Mataki na 3: Ka karanci saman ƙasa kafin ka leƙa ciki

In ka isa, kada ka yi gaggawar sauka. Zagaya bakin kogon tukuna, da littafi a hannu.

Fara da ruwa. Duba gangaren ƙasa ka gano daga ina ruwan sama ke biyowa ya shiga. Dutsen farar ƙasa ba ya tace ruwa yadda yashi ke yi, ta tsagogi ruwan ke zarcewa kai tsaye. In akwai titi ko wurin ajiye motoci ko lambun da ake fesa wa magani a saman gangaren, to man mota da maganin ƙwari suna isa ƙasa ba tare da sun ragu ba. In kuma an shafe wurin da kwalta an karkatar da ruwan wani waje, kogon zai bushe, kuma bushewa ita ce ajalin wannan halitta. Fatar ƙwarin kogo ba ta riƙe ruwa kamar ta 'yan'uwansu na waje, sai iskar da laimarta ta kusa kashi 100 cikin 100 suke iya rayuwa a ciki.

Sai ka duba itatuwa da ciyayi. Inuwarsu ce ke hana rana gasa bakin kogo, ganyensu da ke faɗawa ciki abinci ne, saiwoyinsu kuma suna ratsa rufin.

Na uku, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci, shi ne gyaren kogo, dangin Ceuthophilus. A cikin duhu babu tsiro, don haka dole wani ya shigo da abinci daga waje, kuma a ƙananan kogwannin tsakiyar Teksas gyare ne babban mai wannan aiki. Da rana yana maƙale a rufi da bango, da dare ya fita kiwo, kafin gari ya waye ya dawo. Kashinsa da ƙwansa da gawarsa su ne ke ciyar da fumfuna da ƙananan ƙwari masu tsalle da ake kira Collembola, su kuma su ne kunamar ƙarya ke farauta. Masu bincike sun shafa wa gyare fenti mai ƙyalli suka bi sawunsa da dare, suka tarar yana kaiwa nisan mita 105 daga bakin kogo. Wannan lamba ta zama ma'auni a aikin kare kogwannin yankin. Auna wannan nisa ta kowace fuska, ka rubuta abin da ke ciki: daji ne, ko gida, ko titi.

In kana son sanin lafiyar kogo ba tare da ka taka cikinsa ba, ƙirga gyare. Zauna gefen bakin kogon daga faɗuwar rana, da tocila mai jan haske, ka riƙa ƙirga masu fitowa har kamar awa biyu, manya daban, ƙanana daban. Ka maimaita a lokaci guda kowace shekara. In lambar tana raguwa shekara bayan shekara, abinci na raguwa a ƙasa ke nan, ko da idonka bai ga wani canji ba.

Daga ƙarshe ƙirga gidajen jar tururuwa mai harbi, Solenopsis invicta, da ke kewayen wurin. Za mu dawo kanta.

Mataki na 4: Kaya da lokaci

Hular kwano mai fitila, da wasu fitilu biyu na ajiya. Safar hannu, abin kare gwiwa, doguwar riga da dogon wando. Madubin ƙara girma na hannu mai ninki 10. Buroshi ƙarami mai laushi irin na masu zane. Na'urar auna zafi da laima, da na'urar auna iskar kabon dayoksaid. Kyamara mai ɗaukar abu kusa-kusa, da ɗan ma'auni mai layin milimita. Littafin da ruwa ba ya ɓatawa, da fensir, domin biro yakan ƙi rubutu a kan takarda mai danshi.

Duk kayan su kasance wankakku. Laka daga wani kogo tana ɗauke da ƙwayoyin cuta zuwa wani. Cutar farin hanci da aka fara gani a jihar New York a 2006 ta kashe miliyoyin jemagu a Amurka ta Arewa, kuma tun daga nan wanke kaya da magani tsakanin kogo da kogo ya zama doka a wajen masu wannan aiki.

Game da lokaci, watannin bayan hunturu da na kaka sun fi, lokacin da waje babu tsananin zafi ko sanyi kuma ƙasa tana da danshi. A lokacin fari ko tsananin sanyi ƙwarin kogo sukan ja da baya su shige ƙananan tsagogin da mutum ba ya iya shiga. Kada kuma ka shiga ana ruwa ko ana shirin yi, domin ramukan nan magudanai ne.

Akwai haɗari uku da aka sani a kogwannin tsakiyar Teksas. Maciji mai ƙararrawa a wutsiya yakan kwanta a bakin kogo, don haka haska kafin ka sa hannu ko ƙafa. Akwai kaska mai laushi, Ornithodoros turicata, a cikin busasshiyar ƙasar kusa da ƙofa, cizonta na kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. In zazzaɓi ya kama ka bayan ka fito, gaya wa likita inda ka shiga. Na uku ita ce muguwar iska. Kabon dayoksaid takan taru a ƙasan rami, musamman lokacin zafi. In na'ura ta nuna tana hawa, ko ka ji numfashinka na sauri kana zaune ga ciwon kai, fita nan take, kowa da kowa.

Mataki na 5: Binciken kansa

Kogo kashi uku ne: baki inda rana ke kaiwa, tsakiya mai haske dishi-dishi, da can ciki mai duhu ƙirin. Wadda kake nema a kashi na uku take, inda zafi ba ya gusawa sosai daga kamar digiri 20 na Salsiyos, rani da damina. Auna zafi da laima a kowane kashi da zarar ka isa, kafin zafin jikinka da numfashinka su canza lambar.

Ka zaɓi hanya guda ta tafiya, kowa ya bi ta shiga da fita. Takun ƙafa na danne ƙasa ya toshe ƙananan ramukan da ƙwari ke zama. Ina ganin wannan ita ce ɓarnar da masu bincike suka fi yi ba tare da sun sani ba, kuma shi ya sa ba na goyon bayan shiga da mutane da yawa ko da duk masana ne.

A inda aka fi samunta shi ne ƙarƙashin duwatsun da suka ɗan nutse cikin ƙasa mai danshi. Ga yadda ake ɗaga dutse:

Durƙusa. Lura da yadda dutsen yake kwance kafin ka taɓa shi. Ɗaga shi a hankali da hannu biyu, ka juya cikinsa sama daidai kan gurbinsa, yadda in wani abu ya faɗo zai faɗa gida. Fara duba jikin dutsen, domin sau da yawa a nan take maƙale, a cikin wani ɗan loko. Haska daga gefe, kada ka dallare ta gaba. Hasken gefe na fito da inuwar ƙaramin abu. Sannan ka duba gurbin. Ka ba kowane dutse lokacinsa, domin ta lafe kamar yadda ka gani a farantinka na gida. Wasu kan hura iska kaɗan da baki don abin da ya lafe ya motsa, amma kada a yawaita, numfashi na busar da wuri. In ka gama, mayar da dutsen daidai yadda ka same shi, gefen da ke ƙasa ya koma ƙasa, kuma ka sauke shi sannu don kada ka murƙushe abin da ke gurbin.

Kada ka juya duk duwatsun ɗaki guda. Ka bar wasu ba a taɓa ba.

Bayan duwatsu, duba ruɓaɓɓen itacen da ruwa ya shigo da shi, da gefen kashin dabbobi, da ƙasan inda gyare ke taruwa a rufi. Duk inda ka ga Collembola sun yi yawa, tsaya ka daɗe, mafarauci ba ya nisa da abin farautarsa. In ka ci karo da wani ɗan farin ƙunshi na zare manne da dutse, kada ka fasa shi. Kunamar ƙarya tana fitar da zare daga gaɓoɓin bakinta ta saƙa ɗan ɗaki, a ciki take saɓa, a ciki kuma macen ke zama da jakar ƙwanta manne a cikinta. Fasa wannan ɗaki kashe zuriya ce.

Ka rubuta mintocin da kowane mutum ya yi yana nema a kowane kashi. In babu wannan, ba za a iya gwada binciken bana da na baɗi ba.

Yanzu ga abin da ya kamata ka shirya wa zuciyarka: mai yiwuwa ba za ka gan ta ba. Su kaɗan ne ƙwarai, kasancewarsu masu farauta a wurin da abinci ya yi ƙaranci, kuma yawancin rayuwarsu a tsagogin da ba a kaiwa suke yin ta. Ƙwararru kan shiga kogon da aka tabbatar tana ciki su fito ba su gan ta ba. Don haka a rahotonka rubuta "ba a gani ba", kada ka rubuta "babu". Bambancin na da nauyi, domin da rahoton "babu" ake ba da damar cike rami a yi gini a kansa. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta tanadi a koma sau da yawa, a ranaku daban-daban, kafin a yanke hukunci.

Mataki na 6: In ka same ta

Tabbatar tukuna. Kaska ba ta da dogayen hannuwa masu matsewa. Gizo-gizo yana da siririn ƙugu tsakanin gaba da baya, ita kuwa jikinta a haɗe yake, bayanta yanki-yanki. Akwai kuma wani mazaunin kogwannin, dangin Texella, mai dogayen ƙafafu da launin ruwan lemo, wanda sabon shiga kan ruɗe da shi.

Ajiye ma'aunin milimita kusa da ita ka ɗauki hoto daga sama, hannuwan su fito sosai. Kada ka daɗe da fitila a kanta, kada ka ɗauke ta da yatsa. In dole ne a matsar da ita, da bakin buroshi mai ɗan danshi. Rubuta kwanan wata, kashin kogon, nisa daga ƙofa, abin da take kai, zafi da laima, da sauran halittun da ke ƙarƙashin dutsen.

Hoto ba ya isa a tabbatar da jinsi. Akwai wasu Tartarocreagris a kogwannin Teksas masu kama da ita matuƙa, sai ƙwararre ya sa ta a madubin hangen ƙananan halittu ya auna gaɓoɓin hannun, ya duba inda dogayen gasun jin motsi suka tsiro a yatsun. Da waɗannan gasu take "ganin" abin farauta a duhu, ta hanyar motsin iska. Suna kuma nuna girmanta: baliga tana da 12 a kowane hannu, 8 a yatsa mai tsayuwa, 4 a mai motsi, 'ya'ya kuwa suna bin matakai uku, da 4, sai 8, sai 10. Baliga kaɗai ake iya tantancewa da tabbaci, don haka ɗaukar ƙarama asara ce kawai.

Ɗaukar samfur sai mai izini, kuma sai in sabon kogo ne da ba a san tana ciki ba. Guda ɗaya ta isa. A sa ta a 'yar kwalba da sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 in siffa za a duba, ko kashi 95 zuwa sama in binciken ƙwayoyin gado za a yi. A rubuta bayanin da fensir a 'yar takarda a jefa cikin kwalbar, sannan a miƙa ta ga gidan ajiyar samfura na jami'a. A kogon da aka riga aka san tana ciki, ban ga dalilin sake kashe ko ɗaya ba.

Mataki na 7: Tsaron mazaunin

Jar tururuwa mai harbi 'yar Amurka ta Kudu ce, ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Mobile a jihar Alabama wajen shekarun 1930, ta bazu har Teksas. Ɓarnarta iri biyu ce. Tana shiga kogo, musamman lokacin zafi da fari, ta cinye abin da ta samu. A waje kuma tana riga gyare cin abincinsa, tana kai masa hari. Ta fi son wurin da aka sassabe rana na dukansa, don haka kowane sabon titi ko fili da aka share ƙofa ce aka buɗe mata.

Kusa da kogo ba a sa mata guba, domin gyare zai ci ya kai ciki. Tafasasshen ruwa ake amfani da shi. A je da hantsi, lokacin da rana ta fara ɗumama gidan kuma sarauniya da 'ya'ya sun hauro sama. Kada a tattaka kusa da gidan kafin a zuba, in sun ji motsi za su sauke sarauniya ƙasa. A huda tsakiyar da sanda, a kwarara ruwan sannu, galan ɗaya zuwa huɗu gwargwadon girman gidan, har ya rufta. A sa alama, a dawo bayan 'yan kwanaki a duba, wanda bai mutu ba a sake. Ana yin wannan zagaye aƙalla sau biyu a shekara, bayan hunturu da kuma kaka. A tabbatar da irin tururuwar kafin a zuba, domin tururuwan asali na yankin suna taimakawa wajen tare mata hanya, kashe su ƙara mata fili ne. Mai zubawa ya sa takalmi mai tsawo da safar hannu mai kauri.

Sai ƙofa. Inda mutane ke shiga suna zubar da shara ko fasa duwatsu, ana sa ƙofar ƙarfe mai sanduna, wadda za ta hana mutum amma ta bar iska da ruwa da ganye da gyare da ƙananan dabbobi su wuce. Rufe baki da siminti ko faifan ƙarfe kisa ne a hankali, ko da niyyar mai yi kariya ce.

Sai fili. Shawarar hukumar ita ce a bar daji na hekta 16 zuwa 40 kewaye da kogo, ya haɗe da duk inda ruwansa ke fitowa ta sama da ta ƙasa, kuma bakin kogon ya kasance aƙalla mita 105 daga kowane gini ko titi. A yankin da filaye ke da tsada irin na gefen Ostin wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a kansa aka yi ta jayayya da masu gine-gine tun bayan 1988. Amma ɗan shingen da aka zagaye bakin rami da shi a tsakiyar wurin ajiye motoci ba ya tsare komai, gyare ba shi da wurin kiwo, ruwan da ke shiga kuma gurɓatacce ne.

Daga nan sai bibiya. A bar 'yar na'ura a can ciki tana rubuta zafi da laima duk shekara, a riƙa ɗauko bayananta lokacin shiga bincike don kada a ƙara yawan shiga. A haɗa su a littafi guda da ƙidayar gyare da ƙidayar gidajen tururuwa, kowace shekara a shafinta. In laima ta fara sauka ko gyare ya ragu shekara biyu a jere, a koma mataki na 3, a sake zagaya saman ƙasa a nemo abin da ya canza: magudanar da aka karkatar, itatuwan da aka sare, ko sabon ginin da ya shigo cikin mita 105 ɗin.